Dariyar da Ke Zuwa a Makare

A gidan talabijin ɗin babu mai kiransa da sunan yanka. Kunne suke ce masa, saboda aikinsa ke nan. Yana zama a wani ɗan ɗaki marar taga da aka manne bangonsa da soso, ya rufe kunnuwansa da abin ji, ya haɗa sautin wasan kwaikwayo. In aka rufe ƙofa a cikin hoto, shi ke sa mata ƙara. In mutum ya taka tsakuwa, shi ke nemo wa tsakuwar murya. In kuma an yi abin dariya, shi ke zuba dariyar.

Wasan da ya fi cin lokacinsa shi ne "Murmushi Dole", wanda ake nunawa duk Alhamis da yamma. Labarin wani birni ne da aka haramta baƙin ciki a cikinsa. Akwai Ma'aikatar Farin Ciki, ma'aikatanta suna yawo da rula suna auna bakin jama'a. Wanda murmushinsa bai kai ba, a ja masa kunne. Wanda aka kama yana hawaye, a jefa shi cikin wata mota rawaya a kai shi gidan gyaran fuska. Ko a wurin ta'aziyya sai an ajiye mai tafi a bakin ƙofa. Mutane suna son wasan ƙwarai. Sukan yi ta dariya, sai an gama kuma kowa ya tashi jikinsa a sanyaye, bai san dalili ba.

Dariyar da ake ji a cikin wasan tana da nata tarihin. Lokacin da aka fara shi, shekarun baya, ba a ɗauka a gaban 'yan kallo. Sai tsohon darakta ya tara ma'aikatan gidan a ɗakin taro wata rana da la'asar: masu gadi, masu shara, matan kantin abinci, direbobi. Aka kunna musu kashi uku na farko, Kunne ya rataya makirufo a saman kawunansu ya naɗi duk abin da ya fito daga bakinsu. Daga wannan la'asar ɗin guda aka samu duk dariyar da wasan ke ci har yau. Ya yanka ta gunduwa-gunduwa ya ajiye, akwai ta mata zalla, akwai 'yar gajera, akwai mai haɗe da tafi.

Cikin waɗanda aka tara har da mahaifinsa, direban motar kayan aiki. Mutum ne mai haƙuri da tsafta, amma Allah bai ba shi saurin gane wasa ba. Sai kowa ya gama dariya, ɗaki ya yi tsit, an wuce zuwa wata magana, sannan ka ji shi daga baya shi kaɗai. Takan fara kamar tari, ta haura, ta ƙare da wani siririn fito ta hanci, sai ya bugi gwiwarsa da tafin hannu. Tsohon darakta ya ce a cire, tana ɓata lissafi. Kunne ya gwada barinta sau ɗaya, aka ga masu kallo a gida sun sake fashewa saboda ita, shi ke nan ta samu gindin zama.

Direba ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya, aka ba wani makullin motar, gidan talabijin ya ci gaba da harkarsa. Dariyar kuwa tana nan a kwamfutar ɗansa.

Inna, mahaifiyar Kunne, ba ta son wasan ko kaɗan. Wasan marasa aikin yi take ce masa, kuma ta sha tambayar wane irin mutum ne zai zauna ya ƙirƙiro gari irin wannan in ba mai mugun ciki ba. Amma duk Alhamis kafin a fara sai ta jawo kujerarta ta roba gaban akwatin talabijin, ta ɗora tire a cinya tana tsintar shinkafa. Ba ta kallon hoton. Idan jama'a suka yi dariya, ko a jikinta. Sai an yi shiru, tarin nan ya taso ya haura ya ƙare da fito da bugun gwiwa, sannan ta girgiza kai ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Sai yanzu ya gane."

Abin da take faɗa wa mijinta ke nan tun suna matasa. Ba ruɗewa ta yi ba, ta san sarai naɗaɗɗiya ce, ta san kuma ɗanta ke sa ta. Shi ma ya san abin da yake yi. Kowane mako yakan canza mata wuri, wani lokaci a farko, wani lokaci har sai an kusa tashi, kuma bai taɓa gaya mata inda ya ajiye ta ba. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba.

Da aka zo sabon zango, sai aka kawo sabon darakta. Saurayi ne siriri mai magana ƙasa-ƙasa, yana gaida masu gadi da hannu biyu, ba shi da wata matsala. Ranar taron farko ya ce daga yanzu babu dariya a cikin wasan.

"Labarin garin da ake tilasta wa mutane dariya muke bayarwa," in ji shi. "Mu kuma muna zuba wa masu kallo dariya a kunne muna nuna musu inda za su yi. To mene ne bambancinmu da Ma'aikatar? A bar mutum shi kaɗai da abin da ya gani. In ya ga dama ya yi dariya, in ya ga dama ya ji kunya."

Abin haushin shi ne maganar tana kan hanya. Kunne ya juya ta ta ko'ina bai samu inda zai kama ba. Mutum ne da ya saba sauraro, ba jayayya ba. Da aka waiwayo aka tambaye shi ko yana da abin cewa, sai ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Bai gaya wa Inna ba. Ya yi niyya sau da yawa, sai ya tarar da ita tana wanke-wanke ko tana ninke kaya, ya ce bari sai gobe.

A kashin farko na sabon zangon akwai wata fitowa da wani akawun Ma'aikatar ya tsaya gaban madubi ya auna bakinsa da rula, ya ga bai kai ba, sai ya zauna ya rubuta wa kansa gargaɗi, ya miƙa wa kansa, ya karɓa ya yi godiya. Kunne ya kalle ta sau uku. Ya san wannan irin abin ne da zai ɗauki babansa lokaci kafin ya gane. Ya bari akawun ya fita, hoton ya tsaya a kan ɗaki babu kowa, sannan ya saƙa dariyar can ƙasa, ƙasan ƙarar fanka, inda ya tabbata kunne ɗaya ne kawai a duniya zai tsinto ta.

Ashe kunnuwa biyu ne. Ranar duba aiki, darakta yana zaune bayansa a ɗan ɗakin nan, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Mene ne wannan?"

"Kuskure ne," in ji Kunne. "Yanzu zan cire."

"Kar ka cire. Mayar baya, ka ƙara murya."

Ya mayar. Tari, hawa, fito, bugun gwiwa. Darakta ya rufe ido ya sa aka sake kunnawa. Da ya buɗe, fuskarsa ta yi haske irin na wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

Ya bayyana cewa a sabon zangon an kafa lasifika a kan turakun lantarki na birnin, kuma duk sanda aka jefa mutum a motar rawaya sai lasifikokin su yi wani sauti. Sautin ne ya gagare shi. Ya gwada jiniya, ya gwada ƙararrawa, ya gwada kiɗa, duk ba su yi ba.

"Wannan ce," ya ce. "Dattijo ne kawai yake dariya har zuciyarsa, babu mugunta a ciki. Shi ne abin tsoron. A ina ka samo ta?"

"A tsohuwar ajiya."

Ba ƙarya ya yi ba, amma bai ƙarasa ba. A nan ya kamata ya ce ta babana ce, magana ta ƙare. Sai dai kansa ya riga ya shiga lissafi. In ya faɗa, za a ba shi haƙuri a cire ta gaba ɗaya, Inna ta zauna da tirenta har a tashi ba ta ji komai ba. In ya yi shiru, za ta ji ta kowane mako, har fiye da da. Ya ga kamar ya samu mafita, har da ɗan jin daɗi.

"Abu biyu," in ji darakta. "Cire bugun nan na ƙarshe. Kuma ba na son jinkiri. Ƙofar mota na rufewa, ta tashi."

Kunne ya ja dariyar a kan allon kwamfuta ya manna ta jikin ƙarar ƙofa, ya datse mata wutsiya. Aikin bai ɗauke shi minti biyu ba.

Ranar Alhamis Inna ta jawo kujerarta. Aka fara, aka yi nisa, babu dariyar jama'a ko ɗaya. Ta ɗan karkata kai ta dubi ɗanta, ta koma kan shinkafarta. Can aka nuna wani tela a layin karɓar magani, ɗansa ba shi da lafiya, hawaye ya kufce masa. Aka auna shi, aka kama shi, aka ja shi zuwa mota. Matarsa tana tsaye da yaron a kafaɗa, dole ta washe baki tana ɗaga masa hannu, don ita ma rula na jiranta. Ƙofa ta rufe. Nan take dariyar ta tashi daga kowane turke a titin, da ƙarfi, tana amsa kuwwa.

Hannun Inna ya tsaya cikin tire. Karo na farko tun da aka fara wasan nan ta ɗago ta kalli hoton sosai. Ta kalli matar telan har aka ɗauke ta daga allo. Kafin a tashi an sake kama mutum biyu, kuma kowanne dariyar ta raka shi.

Da aka gama ta miƙe ta kai tiren kicin. Daga can ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Auta, kai ka sa shi a wurin nan?"

"Aiki ne, Inna. Sabon darakta ne ya ce..."

"Ban tambaye ka wanda ya ce ba."



"Babanku ko akuya ya ga an ɗaure da gajeriyar igiya sai ya tsayar da mota," in ji ta. "Ban taɓa ganin ya yi wa mai kuka dariya ba. Kuma yaushe ya taɓa gane abu da sauri haka?"

Ta kunna famfo, maganar ta tsaya nan.

Wasan ya samu karɓuwa fiye da kowane lokaci, kuma abin da ya fi fita a cikinsa shi ne dariyar. Gidan talabijin ya sa ta a talla. Samari suka ciro ta suka sa a wayoyinsu. Yara a hanyar makaranta suna kwaikwayon ta, har da fiton hancin, duk sanda wani ya yi tuntuɓe ko malami ya kore shi daga aji. Dariyar Ma'aikata ake ce mata. Abokan aiki suna ta dafa kafaɗar Kunne a baranda suna yaba masa. Tsofaffin ma'aikatan da za su iya gane muryar yawanci sun bar aiki, mai gadi ɗaya da ya rage kuwa ya daina haɗa ido da shi.

Wata Talata Inna ta dawo daga asibiti, inda takan je a duba mata hawan jini. Ba ta cire mayafi ba ta zauna bakin gado ta kira shi. Ta ce a tashar mota wani dattijo ya sauko da buhu a ka, ƙafarsa ta zame, albasa ta watse a titi. Yana durƙushe yana tattarawa, wasu samari a kan benci suka danna waya.

"Ina tsaye ina jin babanku yana yi masa dariya," ta ce. "Na duƙa na taya shi tsinta. Da ya ce na gode sai na kasa kallonsa."

Kunne ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ka gaya musu ta wane ne?"

"A'a."

"Shekarunsa nawa yana jan motarsu, Direba zo, Direba tafi. Abu ɗaya da yake nasa, shi ma ka ba su." Ta cire mayafin ta ninke. "Ɗauke akwatin nan ka kai ɗakinka. Yana cika mini wuri."

Ya cire waya daga bango ya rungumi akwatin ya fita da shi. Akwatin ya bar shaidar inda yake zaune a kan tebur, wuri mai tsabta a tsakiyar katako da ya koɗe. Inna ta ɗora fulas a kai.

Washegari ya sami darakta a ofis ya gaya masa komai a tsaye, daga la'asar ɗin ɗakin taro har albasar tasha. Darakta ya ajiye biron hannunsa. Da gaske abin ya taɓa shi, har kunnuwansa suka yi ja.

"Me ya hana ka faɗa tun ranar?"

"Na ɗauka dabara nake yi."

Darakta ya daɗe yana kallon tebur. Ya ce an riga an miƙa duk kashin zangon nan ga masu watsawa, ba ya hannunsa kuma. A zango mai zuwa zai cire ta, ya yi alkawari. Amma ta wayoyin mutane, wannan ko shugaban gidan bai isa ya karɓo ta ba. Sai ya ɗago da wata shawara, da zuciya ɗaya.

"Akwai abin da zan iya yi yanzu. Sunayen da ake jerowa a ƙarshen wasa ba su da wuyar gyarawa. Sai a rubuta: Muryar Ma'aikata, a sa sunan marigayi cikakke. Ko ba komai an ba shi haƙƙinsa."

"Don Allah kar a rubuta," in ji Kunne.

Ya koma ɗakinsa mai soso. Ya nemo asalin naɗin la'asar ɗin, ya yanko wurin yadda yake: jama'a suna dariya, suna lafawa, shiru mai ɗan tsawo, kujera ta motsa, sannan tarin, hawan, fiton, da bugun gwiwar. Ya goge ƙarar fanka, ya gyara murya ta fito tas. Bai taɓa yin aiki da kula irin wannan ba. Ya tura a wayarsa ya kai gida.

Ya sami Inna tana ɗinke aljihun wata tsohuwar riga. Ya durƙusa gefenta ya nuna mata.

"Ga ta nan yadda take, Inna, ba a taɓa komai ba. Zan sa miki a wayarki. Nan kawai za ki danna, duk lokacin da kike so."

Ta dubi wayar, ba ta karɓa ba.

"In ni zan danna, ai na san lokacin da za ta zo," ta ce. "Da ina zaune ne ban sani ba. In ce yau kam ba zai gane ba, har in fara jin haushi, sai in ji shi. Haka muka zauna da shi tun kafin a haife ka. Jiran nake so, Auta."

Ta ciji zare ta tsinka. "Ajiye abinka. Allah ya yi maka albarka, na san ba da mugun nufi ka yi ba."

Wannan ya fi masa zafi a kan faɗa. Ya fita tsakar gida ya tsaya jikin igiyar shanya har idonsa ya bushe.

Alhamis ta zagayo. Gidansu a cikin jerin gidajen haya yake, bango ɗaya da maƙwabta hagu da dama, kuma lokacin zafi ne, kowa tagarsa a buɗe. Kunne ya dawo da wuri. Bai kunna akwatin a ɗakinsa ba, ya zo ya zauna a ƙofar ɗakin Inna. Da lokacin ya yi, sai ya ga ta jawo kujerar roba zuwa wurin da ta saba, gaban teburin da fulas ke kai, ta ɗora tire a cinya. Jiki ne ya saba, ita kanta ba ta lura ba.

Kiɗan buɗe wasan ya shigo ta taga daga gidan hagu, da gidan dama, da benen da ke tsallaken titi. Aka yi ta magana sama-sama ba a jin kalmomin. An daɗe ba a kama kowa ba a wannan kashin. Kunne ya san inda dariyar take, shi ya sa ta, yana ƙirga fitowa-fitowa a ransa. Inna tana ta tsinta, tana ware tsakuwa gefe guda.

Can ƙofar mota ta buga a gidaje da yawa lokaci guda, dariyar ta tashi daga duk layin. Yaran maƙwabta suka bi ta da nasu bakin.

Inna ta girgiza kai ba tare da ta ɗago ba.

"Sai yanzu..." ta fara.

Ta tsaya. Ta ɗan jima tana kallon shinkafar da ke hannunta, sannan ta zuba ta cikin tire.

"Auta," ta ce, "tashi ka rufe tagar."